Matambayi Ba Ya Ɓata: Jirgin da Ya Iso Kasuwa Tana Watsewa

Assalamu alaikum. Kafin in zazzage jakar wasiƙun wannan wata akwai bashin da zan biya. A fitowar da ta gabata na rubuta cewa jirgin ƙasa ya shigo Gombe a 1961. Wani dattijo a Tudun Wada, tsohon ma'aikacin reluwe, bai ma tsaya ɓata takarda ba, jikansa ya turo mini har gida da saƙon baka: wai Bauchi ce 1961, Gombe sai 1963, in kuwa tsufa ne ya fara taɓa ni in faɗa a nemo mini mataimaki. Baba, gaskiyarka. Abin kunyar ma, da idona na ga shigowarsa. Allah ya ƙara girma.

Tunda maganar ta biyo ta nan, bari mu fara da ita.

TAMBAYA: Malam, duk sanda na bi ta tashar jirgi a Gombe sai in ga ciyawa ta cinye dogo, taragu sun yi tsatsa, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Wa ya kawo layin nan, me kuma ya kashe shi? Mahaifina ya ce masu tireloli ne suka haɗa baki. Daga wani ɗalibi a Kumo.

AMSA: Ɗana, ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa yana da abokan ra'ayi da yawa. Duk majalisar da aka tayar da zancen reluwe sai an ambaci masu tirela. Ni a ganina sun ci gādon mamacin, amma a kwance suka tarar da shi.

Turawa sun kai dogo Kano a 1911, suka kai Jos ta Kafanchan a 1927, Ƙaurar Namoda 1929, Nguru 1930. Daga nan suka naɗe tabarmarsu. Kusan shekara 30 ba a sake shimfiɗa wani babban layi ba, mu na gabas, daga Bauchi har bakin Tafkin Chadi, aka bar mu da jaki da raƙumi da 'yan motocin lodi. Ai Bature bai shimfiɗa dogo don ka je gaida gwaggonka ba. Inda kuza take, da kwal, da gyaɗa, can yake bi, ya kwaso ya kai bakin teku.

Bayan Yaƙin Hitila sai ƙasar Gombe ta zama ƙasar auduga. Manoma suka yi ta kwararowa kudancin masarautar, wajenku Kumo da Akko da Pindiga, suna sharar daji, har aka kafa injin gurza a Gombe a 1956. Unguwar da muke kira BCGA sunan kamfanin audugar ta ci. A daidai lokacin kuma ɗan lardin nan, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ke riƙe da ma'aikatar ayyuka tun 1952, daga baya ta sufuri, kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Masanan Bankin Duniya da suka zagaya ƙasar nan a 1953 sun fi karkata ga a yi wa Borno hanyar mota mai ƙwari. Shi da shugabannin reluwe suka ce atafau sai dogo. A 1958 bankin ya sakko, ya ba da rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rancensa na farko ga Nijeriya, aka kama aiki daga Kuru kusa da Jos. Bauchi 1961, Gombe 1963, aka bi ta Bajoga da Buni aka shiga Maiduguri a 1964. Kilomita 640 ke nan.

Mahaifina akawun awo ne a kasuwar auduga, don haka a gidanmu zancen jirgi zancen tuwo ne. Kafin dogo ya iso, a mota ake ɗaukar dilolin auduga zuwa Jos a ɗora wa jirgi. Hanya kuwa ta jar ƙasa ce. In sama ta zubo a sa shinge, ba mai wucewa sai ƙasa ta tsane, direba da karen mota su shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota su kwana. Shekarata 9 ranar da na fara ganin kan jirgi. Abin da ya zauna mini har yau shi ne yadda na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata tun ban hango shi ba, sai kuma dokin wani bawan Allah da ya tsinke da jin usur ya yi cikin gonar dawa da mai shi. Bayan kwana biyu aka aike ni sayen kananzir da kwabo, irin mai hujin nan. Yaran unguwa suka zuga ni na ɗora shi a kan dogo. Jirgi ya wuce, na ɗauko shi da zafinsa, ya baje kamar ganye, hujin ya zama ɗan tsagi. Na sha duka a wajen Inna, muka kwana a duhu, amma kwabon na nan a cikin akwatina.

To, dubi abin da ya biyo baya. An kai Maiduguri a 1964. A 1966 rikici ya ɓarke, kuma galibin direbobin jirgi da makanikai da shugabannin tasha mutanen Gabas ne, cikin 'yan makonni suka kwashe iyalansu suka tafi. A 1967 yaƙin basasa ya rufe hanyar Fatakwal, wadda ita ce bakin teku mafi kusa da layinmu, kaya suka koma zagaye ta Kafanchan da Kaduna zuwa Ikko. Ana gama yaƙi a 1970, ba a gama gyaran gadoji ba, fari ya sauka daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta zama labari. Ga kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta juya ga malala kwalta. A 1964 reluwe ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun dawo miliyan 4 da 'yan kai, kaya tan miliyan 1 da kaɗan. Ka ga jirginmu ya iso kasuwa ne ana naɗe rumfuna.

Shi kansa dogon da nasa lalurar. Siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, ga kwana-kwana, ga layi ɗaya tal, in jirgi biyu za su yi kiciɓis dole ɗaya ya raɓe a wata tasha ya jira ɗan'uwansa. Ɗan kasuwar da ya loda shanu a Gombe yana lissafin kowane yini da ramar da za su yi. Tirela ta ce masa gobe warhaka kana Kurmi, wato kudancin ƙasar nan, wa zai bi? A 1979 aka ɗauko Indiyawa na kamfanin RITES suka riƙe reluwe shekara 3, jirgi ya koma tashi a kan lokaci. Da suka tafi a 1982 aka koma gidan jiya, albashi ya fara makalewa, 'yan fansho suka shiga uku. Simintin Ashaka ya ɗan riƙe layin na wani lokaci. Daf da zaɓen 2015 an sake jin usur a Gombe, bai daɗe ba ya yi shiru. A 2021 kuma aka yi bikin ƙaddamar da gyaran layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Awakin da ka gani dai ba wanda ya tashe su tukuna.

TAMBAYA: Na ga wata tsohuwar taswira an rubuta Bauchi Light Railway, amma layin daga Zariya ya taso ya tsaya wajen Jos. Kuskuren mai zane ne? Daga wata baiwar Allah a Bauchi.

AMSA: Hajiya, mai zane bai yi kuskure ba. Ƙaramin layi ne mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an kammala shi a 1914 daga Zariya zuwa Bukuru don kwasar kuza. A lokacin Jos da kewayenta a cikin Lardin Bauchi suke, sai 1926 aka yanke Lardin Filato, shi ya sa sunan. Bai taɓa taka garin Bauchi ba har aka rufe shi a 1957. Tsofaffi sun ce in ya zo hawan dutse fasinja kan sauka ya kama ruwa ya dawo ya cim masa. In kin je Jos ki leƙa wajen gidan tarihi, akwai ragowar kawunansa a ajiye.

TAMBAYA: Kakata takan ba mu labarin wata shekara da aka tsorata da hazo, wai Faransawa sun zuba guba a iska, har mata na rufe randuna da faifai biyu. Da gaske an yi haka, ko tatsuniyar tsofaffi ce? Daga wata malamar makaranta a Misau.

AMSA: Malama, ruwa ba ya tsami banza. Kakarki na maganar 1960 ne. Ranar 13 ga Fabrairu na shekarar Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, lokacin tana mulkin ƙasar. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau 4. Fabrairu kuwa kin san iskar hunturu daga can take busowa, ta kwaso ƙura ta sauke mana a kan tuwo. Tsoron mutane yana da tushe. Ni ma na tuna Inna na hana mu fita da sassafe ba mayafi a hanci, ko da yake ba ta san sunan abin da take tsoro ba.

Faransa ta sake na biyu a Afrilu, ta yi na uku ranar 27 ga Disamba, wata 3 bayan mun sami 'yanci. Nan Tafawa Ɓalewa, mutumin da ake ganin sanyinsa ya yi yawa, ya yi abin da ba a zata ba. Ranar 5 ga Janairun 1961 gwamnatinsa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya bar Ikko, ta kuma haramta wa jiragen ruwa da na saman Faransa tsayawa a tashoshinmu. Wannan na biyun shi ya fi ciwo, domin Kano a zamanin nan mashaya ce ta jiragen sama. Jirgi mai farfela ba ya iya tsallake Sahara ya zarce kudancin Afirka bai sauka ya sha mai ba. Sai dai dukan ya fi sauka a kan maƙwabta. Nijar da Chadi ba su da teku, kayansu da yawa ta Ikko suke shigowa, jirgin ƙasa ya kawo Arewa, motoci su ƙarasa da su Damagaram da Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Suka yi ta kai kuka, bayan 'yan watanni aka ɗage takunkumin jiragen, amma jakada bai dawo ba sai bayan shekaru. Akwai masu ganin Janar de Gaulle bai manta wannan mari ba, shi ya sa a 1968 makaman Faransa suka riƙa shiga Biyafara ta Gabon da Kodebuwa. Ni ina ganin man fetur da tsoron girman Nijeriya a tsakiyar ƙasashen renonta sun fi nauyi a ma'auni, amma tsohon ƙulli ma ya taimaka.

Tunda na ambaci Kano, ga wani abu da ya faru a tsakanin. Bayan rikicin Suwez na 1956 jiragen sojan Ingila sun rasa sakewa a sararin Masar da wasu ƙasashen Larabawa, suna neman wata hanya zuwa gabashin Afirka. Shi ya sa kafin su ba mu 'yanci suka nemi yarjejeniyar tsaro, wadda ta ba jiragensu izinin ratsa samanmu da yada zango a filayenmu. Ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi zanga-zanga har cikin majalisa a Ikko a Nuwamban 1960, jam'iyyar Awolowo ta riƙe wuta, suna cewa an fita ta ƙofa an dawo ta taga. A Janairun 1962 aka soke ta.

TAMBAYA: Ina son shiga sojan sama. Wani ya ce mini Jamusawa ne suka kafa rundunar, wani kuma ya ce Rashawa. Wanne ne? Daga wani matashi a Yalwa, Bauchi.

AMSA: Ɗana, kowannensu ya kama gefen gaskiya. Jamusawa suka yi renon, Rashawa suka ba da makami.

Lokacin da muka sami 'yanci ba mu da sojan sama ko ɗaya. Da aka tura dakarunmu Kwango a 1960 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, a jiragen wasu aka kwashe su, kamar mai zuwa biki da aron riga. Abin ya dami gwamnati. Aka fara tura samari koyon tuƙi Habasha a 1962, sannan Kanada da Indiya, aka kuma ɗauko Jamus ta Yamma ta tsara rundunar. A Afrilun 1964 majalisa ta yi dokar kafa ta, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Jiragen da suka kawo na koyo ne da na aike, Piaggio da Dornier, masu farfela ɗaya. Bayan juyin mulkin 1966 Jamusawa suka tattara nasu ya nasu, Laftanar Kanar George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta.

Da yaƙi ya tashi a Yulin 1967, ba mu da jirgin faɗa ko na magani. Biyafara ce ma ta riga mu, da wani tsohon B-26 ragowar Yaƙin Hitila. Gowon ya nemi Ingila, ta ce bindiga da motar sulke za ta bayar, ban da jirgi. Amurka ta ce ba ruwanta. Sai aka juya Mosko, su kuwa dama ƙofa suke nema. A Agustan 1967 aka fara sauke MiG-17 na Rasha da L-29 na Cekosulobakiya a Kano, a wargaje, aka harhaɗa su a nan. Daga baya Ilyushin 28 masu jefa bam suka biyo ta Masar. Matuƙa da yawa a farko Misirawa ne, kuma gaskiya ɗaya ce, aikinsu bai yi kyau ba. Daga can ƙololuwa suke sako bam, ya faɗa kasuwa, ya faɗa asibiti, mutanen da ba su ji ba su gani ba suka hallaka, hotuna suka bazu a duniya suka ɓata wa gwamnatin tarayya suna fiye da duk farfagandar Ojukwu.

Wani abin da ya kamata mai son wannan aiki ya sani: MiG ɗin nan da duk gudunsa bai iya rufe filin jirgin Biyafara na Uli ba. Uli kuwa wani yanki ne na hanyar mota aka faɗaɗa. Da dare jiragen agaji daga tsibirin Sao Tome da na makamai suke sauka, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe, MiG-17 kuma ba shi da idon dare. A Mayun 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da ƙananan jiragen koyo guda 5, ya ɗaura musu rokoki, ya riƙa bi ta saman itatuwa yana kai hari filayen Fatakwal da Benin da Inugu, ya lalata jirage a ƙasa waɗanda kuɗin ɗayansu ya fi na nasa duka. A Oktoban shekarar kuma shugaban rundunar da kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin L-29.

Mu yaran Gombe a lokacin, ko ƙarar jirgi muka ji sai mu yi waje muna ɗaga hannu, iyaye mata na ƙwala mana kira mu shigo ɗaki. Ba mu san na wa ba ne, su ma ba su sani ba.

Bayan yaƙi kuɗi ya samu. A 1975 aka sayo MiG-21 da Hercules C-130 na jigila, aka biyo da Alpha Jet, a 1984 aka kawo Jaguar 18 daga Ingila. Jaguar ɗin nan ba su cika shekara 10 suna tashi ba aka jingine su, kayan gyara da kuɗin kula suka gagara. Don haka in ka je neman shiga, kada ka raina ɓangaren makanikai. Kowa tuƙi yake so, amma matuƙi bai fi ƙarfin mai riƙe da sifana ba. Ka dage da lissafi da kimiyya. Ga hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama nan a garinku Bauchi, in an buɗe ɗauka ba za ka rasa ji ba, kuma kada ka ba kowa ko sisi da sunan zai saya maka gurbi.

TAMBAYA: Ni siminti nake sayarwa. Wani tsohon kwastan ya ce mini an taɓa yin shekarar da jiragen siminti suka toshe tekun Legas har siminti ya daskare a cikinsu. Na ce masa ƙari ne. Raba mana gardama. Kuma ina jiragen ruwan Nijeriya suke a lokacin? Daga wani ɗan kasuwa a Bajoga.

AMSA: Alhaji, ka je ka ba shi haƙuri, in da goro ka haɗa masa. Wannan gani na yi, ba ji ba.

A 1975 ina Apapa, ina yi wa wani mai fiton kaya aikin akawu, ɗan Arewa ne da ke karɓo wa 'yan kasuwar Kano da Jos kayansu daga tasha. Da dare mukan je bakin teku shan iska. In ka dubi ruwa sai ka rantse wani gari ne aka kafa a kai, fitilu jere har inda ido ya ƙare. Jirage ne sama da 400 ke jiran layi, galibinsu siminti suka ɗauko.

Ga yadda aka yi. Kafin yaƙi sojojinmu ba su fi 10,000 da wani abu ba, aka gama yaƙi suna wajen 250,000, ba bariki, wasu a makarantu suke kwana, wasu a rumfunan kwano. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, kuɗi ya cika baitulmali. Sai ma'aikatu suka shiga ba da odar siminti daga ƙasashen waje, kowa na rubuta tasa ba ya tambayar na kusa da shi. Da aka tattara lissafi, tan miliyan 20 aka yi oda, miliyan 16 daga ma'aikatar tsaro kaɗai, a kawo cikin shekara guda. Tashar Ikko kuwa abin da za ta iya saukewa na siminti a shekara bai wuce tan miliyan 1 ba. Kai da ke harkar, raba tan miliyan 20 ɗin nan da buhu mai kilo 50 ka gani: buhu miliyan 400.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin jira. A cikin takardun an yarda duk ranar da jirgi ya kwana ba a sauke shi ba za a biya mai shi wajen dala 3,500 ko fiye. Da labari ya bazu a duniya, duk mai tsohon jirgin da ya kusa zuwa bola ya loda masa siminti ya turo, domin zaman ya fi tafiyar riba. Wasu sun yi wata 8, wasu sun haura shekara. Siminti kuwa ka fi ni sanin halinsa da laima. Na ga buhunan da aka fito da su, takardar ta yage ta bar dutse mai siffar buhu, har da alamar ɗinkin baki a jikinsa. 'Yan dako suka mayar da su kujeru, mai shayinmu ya jera huɗu ya ɗora tebur. Abin takaicin shi ne sauran kaya sun maƙale a bayan siminti: magani, madara, kayan gyaran mota, injinan masaƙu. Maigidana yana da wani abokin ciniki da ya yi odar kekunan ɗinki don kasuwar sallah, sai bayan sallar baɗi suka fito. Mutumin nan kullum yana zaune a bencinmu da carbi, har muka saba, in bai zo ba mu tambaya ko lafiya.

Wannan badaƙala na cikin abubuwan da suka zubar da mutuncin gwamnatin Gowon kafin a hamɓarar da ita ranar 29 ga Yulin 1975. Murtala ya dakatar da lodin, ya kafa kwamitin bincike, aka soke kwangiloli, masu kaya suka maka Nijeriya a kotunan Landan da New York aka yi shekaru ana shari'a. Cunkoson ne ya sa aka gina tashar Tin Can cikin gaggawa, aka buɗe ta a 1977. Naku na Ashaka kuwa a 1979 ya fara fitar da siminti, daga dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarku tun fil azal.

Jiragenmu kuma, akwai su. A 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, da haɗin gwiwar Elder Dempster da Palm Line na Ingila, a 1961 gwamnati ta saye kason Turawan. Na farkon sunayen manya aka sa musu, Dan Fodio, El Kanemi, King Jaja, Oduduwa. Sai dai 'yan ƙalilan ne, ba za su iya da ko gefen wannan lodi ba. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta yi odar sababbi 19 daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya, aka raɗa musu sunayen koguna. Su ma kamar jirginmu na ƙasa, sun iso ne duniya na sauya salo. Tun 1956 aka fara ɗaukar kaya a kwantena a Amurka, zuwa shekarun 1980 manyan kamfanoni sun koma jiragen kwantena zalla, masu sauke kaya cikin yini guda su juya. Bashi ya taru, aka riƙa kama jiragenmu a tashoshin Turai saboda kuɗin mai da na gyara, ma'aikata su yi watanni a ƙasar mutane ba albashi. A 1995 aka rushe kamfanin.

TAMBAYA: Yaushe aka koma tuƙi a hannun dama, kuma don me? Daga wani direban tasi a tashar Dukku.

AMSA: Malam direba, ranar Lahadi 2 ga Afrilun 1972, zamanin Gowon. Hannun hagu gādon Ingila ne, mu kuwa duk maƙwabtanmu, Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, da Nijar da Chadi da Kamaru, a dama suke tafiya, mai gingimari in ya tsallaka iyaka sai ya juya ƙwaƙwalwarsa. Saliyo ta riga mu da shekara guda, Ghana ta biyo a 1974. An yi watanni ana shela a rediyo, aka juya allunan hanya, masu bas suka kai wa makera aka toshe ƙofar hagu aka fasa ta dama, don kada a sauke fasinja a tsakiyar titi. An zaɓi Lahadi ne saboda ƙarancin motoci, kuma a makon farko kowa a hankali yake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Direbobi sun saba da wuri. Masu keke da masu jakai su suka ba 'yan sanda aiki. Wani kawuna da ke kawo itace daga hanyar Dukku ya yi rantsuwa shi ya ji shelar sarai, jakinsa ne ba shi da rediyo.